Mugun Fim a Gado na Bakwai

Har yau ban manta da ranar Talatar da aka kawo mana Alhaji Ilu ɗakin maza ba. Ba sunansa na gaskiya ke nan ba. Ku da kuka shigo aikin nan kun san ba a fita da sunan majiyyaci waje, don haka sunayen marasa lafiyar da zan ambata duk na canza su. Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Ina shekarata ta goma sha ɗaya a aikin jinya, ina mataki na tara, a wani asibiti nan Potiskum. Shugabar ɗakinmu Sista Yagana ce, mace mai tsare gida, wadda ba ta maimaita magana sau biyu.

Sai kun san wani hali nawa kafin ku fahimci abin da ya faru. Ni mayen fim ne. Tun zamanin kaset na kamu, a zauren kawuna a Dogo Nini, har aka koma faifai, har aka zo yanzu da ake turawa a waya. Na Indiya na kalla, na Hausa kuwa ba a magana. Amma ban cika damuwa da samarin da ke rawa da waƙa ba, ko da yake akwai gwanaye a cikinsu. Mutanena su ne dattawan fim da miyagun fim. A ganina, in mugun bai ba ka tsoro ba, kukan da jaruma take yi ma ba zai taɓa ka ba. A cikin miyagun kuwa babu wanda ya kai Alhaji Ilu a wurina. Ba ya ihu, ba ya zare ido. In zai yi ƙarya sai ya gyara zaman hularsa tukuna, ya dubi mutum da tausayi, sannan ya faɗe ta a hankali kamar mai yin nasiha. Sai kuma tafiyarsa. Yana ɗan karkata hagu, yana jan ƙafa kaɗan, ba ya sauri, kamar wanda ya san duk inda za a je sai an jira shi. Na sha musu da abokan aiki a kan tafiyar nan, ina ce musu zama ya yi ya ƙirƙire ta, kuma gwanintar ke nan.

Motarsu ta taso daga Kano za su Damaturu ɗaukar wani fim, taya ta fashe kafin su shigo gari. Sauran sun tsira da ƙujewa, shi kuwa ƙashin kafaɗarsa ya karye, haƙarƙarinsa biyu suka tsage. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka turo shi daga emajensi a kan keken marasa lafiya, hannu a rataye. Ina ganin fuskar na tsaya sororo da folda a hannu. Sista Yagana ta san halina, sai ta ja ni gefe.

"Lawan, na ga ka gane shi. A nan ba ɗan fim ba ne, gado na bakwai ne. Duk ma'aikacin da na gani da waya kusa da gadon nan, takardar tuhuma zan ba shi."

Na ce, "To, Sista."

Ƙa'ida ce in an kwantar da mutum a auna jininsa da zafin jikinsa, a duba shi daga kai har ƙafa. Foldarsa ta nuna yana da ciwon suga, mai ciwon suga kuwa dole a duba tafin ƙafarsa, domin yakan ji rauni bai sani ba. Na ce zan cire masa safa. Ya ce in ja labule tukuna. Da na cire ta hagu sai na ga babban yatsa da na kusa da shi babu su. Tabon ya daɗe da warkewa.

"Shekara goma sha biyu ke nan," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Daga iyalina sai likitocin da suka yi aikin, sai kai yau. Malam Lawan, a sana'armu in aka ji kana da ciwo ba wanda zai ce maka komai, kiran waya ne kawai zai ɗauke. Ka rubuta a foldarka, amma ya tsaya nan."

Na ce masa ko bai roƙa ba, dokar aikinmu ce. Na mayar masa da safar ina tuna musun da na yi ta yi. Ashe tafiyar ba ƙirƙira ba ce, dole ce ya mayar ado. Bai ragu a idona ba, ƙaruwa ma ya yi.

A gado na shida akwai Baba Gimba, manomi daga Mamudo, dattijo mai kimanin shekara saba'in. Ƙaya ta soke shi a gona, shi ma yana da suga, ciwon ya ƙi warkewa har yatsun ƙafarsa biyu suka yi baƙi. Likita ya ce sai an cire su, in an jinkirta kuma sai dai daga gwiwa, ko dafin ya shiga jini. To ba a yi wa mai hankalinsa tiyata sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar amincewa, Baba kuwa ya ƙi. Sau uku muna yi masa bayani da Hausa, babban ɗansa Haruna yana maimaita masa da yarensu na Karekare. Ya saurara har mu gama, ya ce a'a.

Da yamma aka janye labulen gado na bakwai. Baba Gimba ya daɗe yana kallon sabon maƙwabcinsa, sannan ya yafito ni. Duk namijin da ya sa fararen kaya likita yake ce masa.

"Likita, wannan ba shi ne ya cinye gonar marayu ba? Na gan shi a talabijin ɗin gidan Haruna."

"Baba, ai wasa ne. Fim ne."

"Wane irin wasa? Da idona na ga yaran suna kuka. A canza min gado."

Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Alhaji Ilu ma yana yi yana dafe haƙarƙari, yana cewa, "Baba, a yi haƙuri, sa ni aka yi." Babu gadon da ba kowa, don haka dole suka zauna tare.

Kwana biyun da suka biyo baya na ga abin da ban taɓa gani a fim ba. Alhaji bai sake tayar da zancen wasa ba. Tambaya kawai yake yi. Yaushe ruwa ya sauka a Mamudo bana? Wane irin gero ya fi karɓar ƙasarsu? A tsakanin kunya ake zuba wake ko daban? Da farko Baba yana amsawa da baya a juye, daga baya ya juyo, har yana kwatance da hannu. Alhaji kuwa yana sauraro da dukkan fuskarsa, ba ya katse shi. A nan na gane inda yake samo mutanen da yake fitowa a matsayinsu. Sauraron mutane yake yi.

Ranar Alhamis da rana ina gyara wa Alhaji ɗaurin hannu, Baba yana barci, sai ya ce da ni, "Mutumin nan ba tsoron wuƙa yake yi ba. Kun tambaye shi abin da yake tsoro?"

Gaskiya ba mu tambaya ba. Bayani muka yi ta yi.

Ya ce, "Maƙwabcinsa na ƙauye ne aka fara yanke wa yatsa, sai gwiwa, kafin shekara ta zagayo ya rasu. A wurinsa duk wanda aka taɓa wa yatsa ya gama tafiya, ya gama noma, jiran mutuwa kawai yake yi a kan tabarma."

Ban san lokacin da na ce, "Alhaji, da zai ga..." ba. Sai na kama bakina. Ya dube ni ya daɗe.

"Na san abin da za ka faɗa. Ina da iyali, Malam Lawan, kuma wannan sana'ar kaɗai na iya."

Na ba shi haƙuri, domin na wuce iyakata. Kafin in tashi aiki na gaya wa Sista Yagana, tunda ita ma ta karanta foldar. Ta ce, "Sirrinsa ne. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Kada ka sake yi masa zancen." Na koma gida raina ba daɗi. Abin da zai iya ceton ƙafar dattijon nan yana gadon da ke kusa da shi, ni kuma ba ni da ikon furtawa.

Ranar Juma'a da safe likita ya zo zagaye. Baƙin ya fara haurawa daga yatsun, zazzaɓi ya tashi. Likita ya ce yau ko gobe, in ya wuce haka ba ya iya alkawarin komai. Baba ya ce a sallame shi, gida zai koma a gwada na gargajiya. In majiyyaci ya dage a kan haka akwai wata takarda daban da yake sa wa hannu, cewa shi ya zaɓi tafiya ba da shawarar likita ba. Sista ta ce in kawo ta da tawadar dangwale. Haruna, magidanci mai furfura a gemu, yana naɗe tabarma yana share ido da hannun riga. 'Yan'uwan Baba sun cika gefen gado. Ta waje kuma labarin ɗan fim ya riga ya bazu a gari ta bakin abokan tafiyarsa, mutane sun tsaya a tagogi da wayoyinsu, masu gadi suna kora suna dawowa.

Na buɗe tawada ke nan sai na ji muryar Alhaji.

"Malam Lawan, taimaka min in zauna. Yauwa. Cire min safar hagu, hannuna ɗaya ne."

Na dubi tagogin, na dube shi. "In ja labule, Alhaji?"

"Bar shi. Dattijo ne, sai da haske zai gani."

Na cire. Ya ɗora ƙafar a kan kujerar da ke tsakanin gadajen biyu. "Baba, duba nan."

Baba Gimba ya sunkuyo. Ya kalli ƙafar, ya kalli fuskar mai ita, sannan ya miƙa yatsa ya taɓa tabon.

"Yaushe?"

"Shekara goma sha biyu. Ni ma ƙi na yi da farko, kamar kai, sai da mahaifiyata ta daina yi min magana. Da ƙafar nan na yi ɗawafi. Da ita nake yawon neman abinci har ta kawo ni garinku. Ban san abin da ya sami maƙwabcinka ba, Allah ya jiƙansa. Ni dai ga ni."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, sannan ya sake ni. Ya taka ba takalmi har ƙarshen ɗakin ya dawo, yana karkata hagu, yana jan ƙafa kaɗan. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya juya wajen Haruna suka daɗe suna magana da Karekare, murya tana hawa tana sauka. Da suka gama ya ture takardar da ke hannuna.

"Likita, ba wannan ba. Kawo ɗayar."

Bayan an sauko daga masallaci aka shiga da shi tiyata. Yatsu biyu aka cire da ɗan naman da ya lalace, ƙafar ta tsira. Sati uku ya yi a wurinmu. Bayan girbi ya dawo a duba shi, da ƙafarsa ya tako daga tasha.

Hoton ƙafar Alhaji kuwa kafin la'asar ya zagaye wayoyin gari. Na je ba shi haƙuri, ya ce, "Ai ni na ce a bar labulen." Abin da ya ji tsoro kuma bai fasa faruwa ba. Ni da nake bin fina-finai na lura an yi kusan shekara ban gan shi a sabo ba. Daga baya ya dawo, amma yanzu yawanci uba yake fitowa ko limami, a zaune.

Ranar Litinin aka sallami Alhaji. Sai a lokacin, ina tura shi a keke zuwa mota, na gaya masa cewa babu fim ɗinsa da ban kalla ba. Ya yi murmushi ya tambaye ni wanne ne bai yi min ba. Na faɗa masa gaskiya, akwai wani da ya fito ɗan sanda, bai dace da shi ba. Ya ce shi ma ya sani. Da ya zauna a mota sai ya riƙe hannuna ya ce, "Kwana shida ina kallon aikinku. Mu in muka yi kuskure, darakta zai ce a sake ɗauka. Ku ba ku da wannan. Allah ya taimake ku."

Ku da kuke farawa, ga abin da na ɗauka daga wannan mako. Mun iya bayani, an koya mana shi a makaranta, kuma duk abin da muka gaya wa Baba Gimba daidai ne. Amma sati guda muna magana ba mu san da me muke faɗa ba. Tun daga lokacin, in majiyyaci ya ce min a'a, ba na ƙara murya, ba na sake karanto masa abin da likita ya ce. Kujera nake ja in zauna, in tambaye shi wa ya sani da aka taɓa yi wa irin wannan aikin, kuma me ya same shi. Sau da yawa amsar tana ɗaukar minti goma, ga sauran gadaje suna jira. Ku zauna duk da haka.