Abin da Glenda Ta Gani a Hannun Tamsin

Shekara talatin da ɗaya Glenda Hepworth ta yi tana tsayawa a bayan filin tanis, hannu bisa gwiwa, ido a kan farin layi, tana faɗin ko ƙwallo ya sauka ciki ko waje. Aikinta na yau da kullum dafa abincin rana ne a wata makarantar firamare a garin Keighley. Duban layi kuwa na watannin zafi ne, in ciyawa ta yi kore aka fara gasa. Da na'ura ta karɓe aikin, sai aka aiko mata wasiƙar godiya. Mijinta Des, tsohon direban bas, ya ce ai ta huta da shan rana da hararar 'yan wasa. Wata takwas ta yi ba ta kalli tanis ba.

Wata yarinya ce ta dawo da ita gaban talabijin, Tamsin Rookwood, bahaguwa 'yar shekara ashirin. Tamsin ta taso da ƙarfinta, har ƙasar ta fara sa rai da ita. Matsalar ɗaya ce: duk wasan da aka yi kankankan har ya kai zagaye na uku, wato na ƙarshe, sai ya kuɓuce mata. Cikin irin waɗannan wasanni tara, bakwai ta faɗi. A dandalin magoya baya na intanet hukunci ya riga ya fita, wai yarinyar ba ta da zuciya.

Glenda ba ta yarda ba. Ta ga marasa zuciya da yawa daga tazarar taku biyar, kuma ba haka suke tsayawa ba. Ta nemo bidiyon wasannin tara ta zauna a kansu, tana kallon hannun yarinyar da ƙafarta, ba ƙwallon ba. A mako na biyu ta kama abin. Kafin Tamsin ta yi sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi, takan dunguri ƙwallon a ƙasa sau shida in hankalinta a kwance yake. Da maki ya matse sai ta koma sau biyu ko uku, ta cilla ƙwallon ƙasa-ƙasa, bugun ya tafi raga.

"Alƙaliya, shayinki ya huce tun ɗazu," in ji Des daga ƙofar falo. "Ita yarinyar ma ta san kina duniya?"

"Kai dai ci biskit ɗinka, ka bar masu aiki su yi aiki."

Ta rubuta abin da ta gani, wasa bayan wasa, ta sa a dandalin da sunan aro. Ta ce ba tsoro ba ne, gaggawa ce, kuma gaggawa tana da magani. Kafin kwana uku rubutun ya zaga ko'ina. Masu sharhi a talabijin suka fara ƙirga dungurin Tamsin. Glenda ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba. Ashe idon nan yana da sauran amfani.

A watan Yuni Tamsin ta zo wata ƙaramar gasa kusa da su. Glenda ta hau jirgin ƙasa ta tafi ita kaɗai. Tun a sabis na farko ta ji wasu samari a bayanta, kofin giya a hannu, suna ƙirgawa da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. Tamsin kuwa sau shida cif take dungurawa kowane lokaci, leɓenta yana motsi. Ta ci zagayen farko, aka cinye ta a na biyu, sai ruwa ya sauko aka rufe fili.

A rumfar shayi Glenda ta sami kujera kusa da wata mata mai koriyar rigar ruwa, wadda ta riƙe kofi da hannu biyu ba ta kurɓa. Suka fara da maganar ruwan sama, kamar kowa. Glenda na shirin ta ɗan nuna ko ita wace ce, sai matar ta ce sunanta Bronwen, ita ce mahaifiyar Tamsin. Ta ce samarin nan sun hana 'yarta sakat, kuma duk daga wani rubutu abin ya taso.

"Abin da ya fi ciwo, mai rubutun gaskiya ta faɗa," in ji Bronwen. "Kocinta ya san da wannan tun bara. Yana ta lallaɓa gyaran ne ba tare da ta lura ba. Yanzu ta lura. Da wasa take yi, yanzu ƙirga take yi."

Glenda ta dubi shayinta. A fili, in ka faɗi abin da ka gani, shi ke nan, ka sauke nauyi. Ba ta taɓa bin wata magana tata ta ga inda ta kwana ba. Tana iya yin shiru, babu mai sani. Amma ta ce, "Ni ce na rubuta."

Bronwen ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta zaci wani ƙaton namiji ne mai ganin ya fi kowa sani. Daga nan ta tambaye ta, tunda ido gare ta, me kuma ta gani yau. Glenda ta ce ta ga duk sanda aka matse yarinyar ta taho gaban raga, ita ke cin makin, sau biyar cikin shida, kuma wanda ba shi da zuciya ba ya tahowa raga a irin wannan lokaci. Bronwen ta ce wannan kam babu wanda ya taɓa rubutawa. Da ruwa ya ɗauke ta miƙe, ta ɗan dafa kafaɗar Glenda, ta koma wurin zamanta.

Tamsin ta faɗi wasan a bugun raba gardama, bakwai da biyar. Ta miƙa wa abokiyar karawarta hannu, ta ɗauki jakarta, ta tsaya ta sa wa wasu 'yan kallo hannu a hulunansu kafin ta fita.

Glenda ba ta daina rubutu ba, amma ta rage. Takan bar kwana biyu su wuce bayan wasa kafin ta zauna, kuma ba duk abin da ta gani take sa wa a dandali ba. Wani mutum ya rubuto yana cewa ta yi laushi, an saye ta. Des ya so ya ba shi amsa da kansa, ta hana shi, don ta san rubutun Des.

Zuwa ƙarshen shekara Tamsin ta yi wasanni shida da suka kai zagaye na uku. Ta ci uku, ta faɗi uku. A dandalin rabi suka ce ta gyaru, rabi suka ce sa'a ce. Da aka nemi ra'ayin Glenda, sai ta ce yarinyar shekararta ashirin da ɗaya, a tambaye ta bayan shekara biyu.