Karen da Ke Gudun Ruku'u

Tun ina yaro ake ce mini mai bin ƙwaƙƙwafi, kuma zuwa Jidda bai raba ni da halin ba. A shekarun da nake tuƙa wa kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini, mota a unguwar Safa, a unguwar Kurayyat nake kwana, a wani gidan haya da muka cika mu Hausawa zalla: teloli, masu wankin mota da 'yan tireda. Babbanmu wani dattijo ne tela da muke kira Malam, shi ke ba mu salla a kan tabarmi a ƙofar gida.

Wata la'asar na tarar da wani baƙin kare kwance a bayan kwandon shara. An ɗaure masa waya a wuya, ga alama tun yana ɗan kwikwiyo, ya yi ta girma har ta nutse cikin nama. Kunnensa ɗaya a yanke, yankan wuƙa. Ni ba mai son kare ba ne, amma ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na aro filaya wurin bakaniken layinmu, na rufe wa karen kai da buhu, na datse wayar. Na yi ta wanke mikin da ruwan gishiri ina ajiye masa ragowar shinkafa har ya murmure. Da ya murmure kuwa sai ya ƙi tafiya.

Daga nan magana ta taso. Duk lokacin da muka tsaya salla, sai karen ya ƙwala ƙara ya zura a guje, bindi a matse. 'Yan gidan suka haɗa biyu da biyu: ga shi baƙi wuluk, ga shi yana gudun salla. Wani mai wankin mota har ya rantse ya ga idonsa na fitar da wuta.

Malam ya kira ni gefe ya ce, "Kai direba, abin nan ba kare ba ne. Ka raba mu da shi kafin Juma'a, in ba haka ba mu kira baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, halas, magana ta ƙare."

Kowa a unguwar ya san abin da ake nufi da haka: nama mai guba.

Abin ya tsaya mini a rai. Shaiɗanin da ke gudun salla, me ya hana shi gudun kiran salla? Ai ladan yana yi karen yana kwance abinsa. Matsalar ita ce mai salla ba ya waige. Don haka da aka tayar da sallar azahar ta ranar hutuna, sai na ce alwalata ta karye, na koma gefe da buta na zuba masa ido.

Malam ya yi kabbara, kare bai motsa ba. Aka yi tsayuwar karatu, har hamma ya yi. Sahu na sunkuyawa ruku'u, sai ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi.

Da ya dawo na tsaya ƙiƙam a kansa na karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya kaɗa mini bindi. Na saki makullin mota ƙasa na sunkuya zan ɗauka, sai ga shi ya arce yana kuka. Karen nan bai taɓa ganin mutum ya sunkuya a gabansa ba sai don ɗaukar dutse. Mu kuwa sahu guda muke sunkuya masa, sau biyar a rana.

Na faɗa wa Malam. Bai ce ƙarya nake ba, carbinsa ya yar ya sunkuya, ya gani da idonsa. Sannan ya ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Astagfirullah, mun so mu ɗauki alhaki." Amma ya ƙara da cewa zaman karen a nan azaba ce gare shi, kuma kare sai ga mai kiwo ko gadi ko farauta. Shi da kansa ya tuno da wani tsoho haifaffen Jidda, jikan mahajjatan da suka zo da ƙafa, da ke kiwon tumaki a bayan gari. Ciwon baya ya sandarar da shi, a kan kujera yake salla.

Na sa karen a bayan akori-kurar bakanike muka tafi. Tsohon ya duba tabon wuyan ya girgiza kai.

"La haula. Min sawwa kida? Wane mara imani ne?"

"Ban sani ba, Baba. Amma don Allah kada a sunkuya a gabansa."

Ya yi dariya har da tari. "Ya waladi, ni rabona da sunkuyo tun kafin ka yi iƙama, takardar zaman ƙasar nan. Yalla, sauko da shi."

Bayan wasu watanni na koma dubo karen. Ya yi ƙiba, gashi ya rufe tabon, yana zagaya garke kamar gadonsa ne. Ya gane ni, ya zo ya shinshini ƙafata. La'asar ta yi, tsohon ya gyara kujerarsa ya ce in ja mu salla. Zuciyata ta raya mini cewa ni dai ba zai guje ni ba, ni da na cire masa waya.

Ina sunkuyawa na ji ƙarar nan da na sani, da sautin gudu. Wallahi na ji zafi a raina. Da na yi sallama na duba fili, ba kare. Ina shirin tashi nemansa sai tsohon ya nuna mini ƙasa da haɓa. Yana ƙarƙashin kujerar, ya cusa kansa tsakanin ƙafafun tsohon.

"Khallih," in ji tsohon, yana shafa guntun kunnen. "Ƙyale shi ya gudu, ɗana. Yanzu ai yana da wurin zuwa."