Gidan Malam Sule Ya Ɓata

Jama'a, yau matata ta yi sallama a gidanta kamar baƙuwa!

Ta tafi Tarauni jegon 'yarmu, ta ce in shafa wa gida farar ƙasa. Ni uban iyayi, maimakon farar ƙasa, na sayo fenti ruwan toka mai duhu, na malale bango. Ina gamawa tsoronta ya kama ni.

Da la'asar motar haya ta sauke ta a unguwarmu, Gyaɗi-Gyaɗi. Sau biyu tana wuce gidan!

"Salamu alaikum, ina gidan Malam Sule?"

Na ɓuya bayan ƙofa, na maƙe murya: "Ya tashi, Hajiya!" Sai tari ya sarƙe ni.

"Ya tashi ya bar tarinsa? Fito, Malam!"

Ta dubi bango, ta dube ni, ta tuntsire da dariya.

"A bar shi. Ya dace da gemunka."