Kanji a Rairayin Ƙofar Gidana

Shekarar da na aje alli na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ita ce shekarar da jikata ta shiga aji ɗaya a Japan. Uwarta ɗiyata ce ta fari. Bursu, wato tallafin karatu, ta samu ta tafi can karatun noma, ta gama, ta kama aiki, ta auri mutumin ƙasar bayan ya musulunta, aka ɗaura auren a nan Dakoro da wakili. Yarinyar a can aka haife ta. Ban taɓa ɗaukarta ba, ban san nauyinta a hannuna ba. A salula kawai nake ganinta, ranar Lahadi da hantsi, lokacin su can rana ta kusa faɗuwa.

Wani zai ce ai da sauƙi tunda ana ganin juna. Babu wani sauƙi. Mu nan ɗan fari ba a sakin jiki da shi. Ban taɓa kiran sunan uwar yarinyar nan ba, ban taɓa zama mun yi hirar dariya da ita ba. Haka na taras ana yi, haka na yi. Abin da mutum ya danne a kan ɗan fari, jika yake juye wa. Ita za ka kira matarka, ka ce tuwonta bai dahu ba, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai furfura, ta fizge maka hula ta ruga. Kullum ina ganin abokaina suna shan wannan a bakin masallaci, jikoki na ja musu gemu suna ƙarya wai sun ji haushi.

Tawa jikar kuwa, in an kira, sai uwarta ta turo ta gaban salula. Ta sunkuyar da kai, ta ce "ina kwana" da aka haddace mata, ta tsaya cak tana jira a sallame ta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ni kuma ba na jin nasu. Ladabin nan shi ya fi ci mini rai. Wallahi na ji tsoron in mutu yarinyar nan tana jin nauyina kamar baƙo.

Wata Lahadi aka kira, na ga idon yarinyar ya yi ja. Na tambaya, ɗiyata ta ce aikin gida ne ya sa ta kuka, sun fara koyon kanji. Ta ɗago kayen yarinyar, littafin da take rubutu a ciki, ta nuna mini. Ta ce wannan rubutu ba irin namu ba ne, kowace alama abu guda take nufi, kamar dutse ko ruwa ko mutum, kuma dubbai ne, 'yan aji ɗaya kaɗan ake fara ba su. Na ce ta aiko mini da na 'yan aji ɗayan.

"Baba, wannan ba abin wasa ba ne," in ji ta. "Ni da nake zaune a nan har yau ina fama da shi."

Raina ya ɓaci, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane baƙaƙe tun daga Adjekoria har Sabon Maci, sannan a ce aikin 'yan aji ɗaya ya fi ƙarfina? Na ce ta aiko kawai. Ta turo hotuna, kowace alama da 'yan lambobi da kibiyoyi masu nuna layin da ake fara ja da wanda ke bi masa.

Da kaye da bik, wato biro, na fara, ban je ko'ina ba. Idona ya yi rauni, hannuna na rawa, layukan sai su haɗe su zama dunƙule. Sai na tuna yadda nake yi da yara a ƙauye in alli ya ƙare: mu fita waje mu yi a ƙasa. Rairayi dai Dakoro ba ta rasa shi ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, gindin dogon yaro, don nan ne kaɗai rezo, wato layin salula, ke kamawa sosai, cikin gida hoto sai ya daskare. Na share ƙasa da tafin hannu na fara.

Na farko sun zo da sauƙi har na fara raina abin. Ɗaya layi ɗaya, biyu layi biyu, uku layi uku. Na ce ashe haka ne. Da na zo huɗu sai abin ya juye ya zama akwati da ƙafafu a ciki, na gane ban ma fara ba. Ga shi kowace alama tana da karatu biyu ko fiye, ya danganta da wadda ta zauna kusa da ita. Wannan na aje shi gefe, na ce hannu ya fara koya tukuna, baki ya biyo baya.

Abin da ban zata ba shi ne yadda alamomin suka riƙa nuna mini ƙasar da jikata ke tashi a ciki. Cikin abubuwan farko da ake koya wa yaro akwai dutse mai kawuna uku, akwai kogi, layi uku suna gangarowa. Mu nan ina dutse, ina kogi? Sai tudun rairayi da kwarin da ruwa ya daina bi tun ba a haife ni ba. Gonarsu murabba'i ce an raba ta huɗu, ta shinkafa, da ruwa kwance a ciki. Gonata ta hatsi ba ta da kusurwa ko ɗaya, gamba ce iyakarta. Icce guda alama ce, in ka jera uku sun zama daji. Na daɗe ina kallon wannan. A wajenmu icce uku wuri guda ai wurin hutawa ne, har a sa wa ƙauye suna da shi. Sai na ga yarinyar nan ba harshe kaɗai ya raba mu ba, abin da take gani in ta buɗe taga ma daban ne.

Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, wata Lahadi na juya salula ta kalli ƙasa, na rubuta dutse da icce da wuta. Yarinyar ta matso, ta duba, ta faɗi wani abu a hankali. Uwarta ta ce, "Ta ce ka iya." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta tafi. Ta ɗan daɗe fiye da yadda ta saba, amma yabon na ladabi ne, irin wanda ake yi wa babban mutum. Na ce ba komai, in ci gaba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda nake a idon mai wucewa. Tsoho zaune a ƙofar gida, ya share rairayi da tafin hannu, ya ja layuka da yatsa, bakinsa na motsi don ina ƙidaya layukan da harshensu, ya tsaya ya yi shiru yana kallo, ya girgiza kai, ya share ya sake. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mai yin haka. Ni da na yi shekaru ina yi wa ɗalibai faɗa a kan zuwa wurin masu duba, ban ga kaina ba.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta yi sallama ta durƙusa nesa da tabarmata. Daga wajen Azagor ta fito, Hausarta da ɗan nauyi. Ta kwance bakin zanenta ta aje mini cuku. Ta ce an gaya mata akwai wani mushe, malamin lakwal, da ya aje aiki ya koma bugun ƙasa, kuma nasa ba irin na kowa ba ne, daga ƙasar waje ake turo masa a salula. Ɗanta ya tafi arewa neman aiki, an daɗe ba labari. In duba mata ko yana da rai.

Da farko haushi ya kama ni, har na buɗe baki in yi faɗa. Da na kalli fuskarta sai na kasa. Na ce mata, "Inna, ni ban san gaibu ba, Allah kaɗai ya sani. Wannan rubutun wata ƙasa ne mai nisa. Jikata ke can, ba ta jin maganata, shi ne nake koyo ko za ta kula ni." Ta kalli layukan da ke ƙasa ta daɗe. Ta ce, "Ashe kai ma naka kake nema." Na yi mata addu'a Allah ya bayyana ɗanta, na ce ta ɗauki cukunta, ta ƙi. Har yau ban san ko ɗan ya dawo ba, kuma abin yana dawo mini.

Bayan ita wasu suka zo, mai akuya da ta ɓata, mai ɗiya da ta daɗe ba aure. Duk na sallame su da bayani, amma magana ta riga ta fita. A masallaci na ga ana ɗan ja baya da ni. Sai ga yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya zo da kansa, ya ƙi zama.

"Mushe," haka yake kirana in yana son ya tsokane ni ko ya yi mini faɗa, "mi ke nan nike ji? Da girmanka da karatunka?"

Na yi masa bayani. Ya ce shi ya yarda da ni, amma gari bai yarda ba, kuma sunan gidanmu ba nawa ba ne ni kaɗai. In koma cikin gida in yi, ko in bari gaba ɗaya. Na ce koyo zan iya yi a ciki, amma ranar Lahadi dole sai a nan, don a ciki rezo ba ya kamawa, kuma a takarda hannuna ba ya yi. Ya ce to in haƙura, yarinya in ta girma ta koyi Hausa. Na ce, "Yaya, ni da kai wa ya ba mu tabbacin ganin girmanta?" Ban saba mayar masa da magana ba, kuma na san in ya ce a bari, bari zan yi. Na roƙe shi abu guda, ya zo ranar Lahadi ya zauna ya gani, abin da ya yanke bayan nan na bi.

Ya zo, ya zauna a gefen tabarma yana jan tasbaha, fuska a ɗaure. Aka kira. Yarinyar ta gaishe ni, aka nuna mata babban kakanta ta sunkuya masa shi ma. Na juya salula ga ƙasa. Na yi niyyar rubuta ruwan sama, alama mai rufi da ɗigo huɗu a ciki, wadda na sha wahala kafin na iya. Amma zaman yayana kusa da ni ya rikita ni. A rubutunsu layin kwance daga hagu ake jansa zuwa dama. Yatsana kuwa sai ya koma yarinta, lokacin da nake koyon rubutu a allo, ya fara daga dama. Na ja na sama a juye, na yi rufin a juye, ɗigon ma na fara da na dama.

Sai na ji ƙara daga salula. Yarinyar ta cika hoton da fuskarta, gira a haɗe, tana zuba magana tana kaɗa yatsa. Uwarta na ƙoƙarin rufe mata baki tana cewa, "Baba, yi haƙuri, ba ta san abin da take yi ba."

"Ƙyale ta," na ce. "Me ta ce?"

Ɗiyata ta ce, "Ta ce ba haka ake yi ba. Wai ko wanda ya fi kowa wasa a ajinsu ba ya yin haka."

Yarinyar ta ɓace, ta dawo da takarda da jan alƙalami, ta zana mini ƙaton kuros, alamar an faɗi, ta manna a gaban salula. Ta ƙara wata maganar.

"Ta ce ranar ma da ta ce ka iya, iccenka a karkace yake, kunya ta ji."

Murna ta kama ni. Na gyara zama na ce, "Gaya mata na sake ta. Ba ni zama da mace mafaɗaciya."

"Baba, ba za ta gane wannan wasan ba."

"Gaya mata dai."

Ta yi mata dogon bayani da harshensu. Yarinyar ta saurara, ta kalle ni sama da ƙasa, ta murguɗa baki ta ba da amsa. Ɗiyata ta fashe da dariya har salula ta karkace, dariyar da rabona da jin irinta a gabana tun tana goye. Da ƙyar ta iya cewa, "Ta ce ita ma ba ta son mijin da bai iya rubuta ruwa ba."

Na waiga ga yayana. Tasbahar ta tsaya a hannunsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Wagga yarinya ta raina ka, Mushe," ya ce.

Hawaye sun cika mini ido har ba na ganin layukan da ke gabana, ga mutane na wucewa suna kallo, ban damu ba. Daga salula yarinyar na ta buga tebur tana maimaita kalma guda.

Yayana ya miƙo hannu ya share rairayin da tafinsa, ya lallaɓe shi sumul.

"Sake mana," ya ce. "Ba ka ga tana jira ba?"