Goggo Dorli da Hannu na Sittin da Biyu

Da safiyar Talata, huɗu ga watan Maris, ƙararrawar cocin Tannwil ta yi bugun da duk ɗan garin ya san ma'anarsa. Kafin ta yi shiru labari ya iso: Allah ya yi wa Dorli Zumstein rasuwa tana da shekara tamanin da uku, zaune a kicin ɗinta, kofin gabanta bai ko huce ba. Na zauna da niyyar rubuta ta'aziyya mai nauyi, Goggo Dorli, amma duk layin da na fara sai in tsinci kaina ina murmushi. Ki gafarce ni, ke kika jawo.

Shekara talatin da huɗu kina raba wasiƙu a garin nan, a kan keke da rani, a ƙafa in ƙanƙara ta rufe hanya. Kin san gidan da kare ke cizo, kin san gidan da maigida ke surutu amma surukarsa ke yanke magana. Ba ki taɓa tona asirin kowa ba. Ba mu san ajiya kike yi ba sai da ranar amfaninta ta zo.

Shekara goma sha huɗu ke nan da ni da Andri, wanda nake zaune da shi har yau, muka nemi hayar ɗaya daga gidajen hukumar gari. Aka ce mana gidan na iyali ne, aka bar shi a kulle wata biyu. Kowa ya san dalili, babu wanda ya furta. Na fara ɗaure kaya zan koma birni sai ga ki a bakin ƙofa da kek ɗin tuffa a hannu.

"Ina zuwa, Silvan? Haka yayana Toni ya bar garin nan saboda irin wannan, ni na riƙa kai wa mahaifiyarmu wasiƙunsa a ɓoye har ta mutu. Kwance kayan nan, ɗan nan. Doka za mu yi."

Layi ɗaya muka nemi a ƙara a dokar gari: kada a hana kowa gida ko aikin hukuma don shi namiji ne mai son namiji, ko ita mace ce mai son mace. Irin wannan kuwa a taron gari ake yanke shi, a zauren makaranta, kowa ya ɗaga hannu a gaban kowa.

Mu tara ne muka haɗu a kan neman dokar, jininmu na tafasa. Muna son alluna da tutoci da zanga-zanga. Kika yi mana dariya har da hawaye, kika juya bayan tsohuwar kalanda kika zana garin gida-gida. Kika ce kada mu yi wa kowa wa'azi: mu shiga, mu ci abin da aka ba mu, mu yaba shanu, mu faɗi abin da aka yi mana, sannan mu yi shiru. Mako goma sha ɗaya muna shiga kicin ɗin mutane. Na ci cuku da dankali har wandona ya ƙi rufuwa. Kuma wallahi abin ya yi aiki! Duk gidan da ya ce yana tare da mu sai ki zagaye shi da jan biro, mu kuwa mu yi ta tsalle kamar yara.

Sai kika fito da babbar dabarar. Kika ce mutumin Tannwil ba ya ɗaga hannu sai ya saci kallon na kusa da shi. Don haka kika zana zauren, kika raba kujeru: ungozoma a bakin layi na biyu, mai yin cuku a tsakiyar manoma, shugabar mawaƙan coci a inda duk mata za su hango ta.

Sau ɗaya muka yi faɗa. A ƙa'ida, in kashi ɗaya cikin huɗu na mahalarta suka nema, ana iya zaɓen a asirce, a takarda. Na nace mu nemi haka, wai don masu jin kunya. Kika dube ni ta saman tabarau.

"Kai, rufa mana baki. Ba kunyar mutane ce ta dame ka ba, hannun ubanka kake tsoron gani a aljihu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Gaskiya kika faɗa, shi ya sa na ji haushi. Shekara huɗu tun da na gaya wa mahaifina, Baba Kobi, ko ni wane ne, maganarmu ba ta wuce ta ciyawa da ruwan sama. Bai kore ni ba, bai kuma taɓa kiran sunan Andri ba. Gidansa kaɗai ne a kalandarki babu wata alama, ta goyon baya ko ta adawa. Na fi son in rayu ban san inda ya tsaya ba.

Ranar Lahadi da rana zaure ya cika har ana tsayuwa. Shugaban taro ya ce a ba da sunan mutum biyu da za su ƙidaya hannuwa, ɗaya hagu ɗaya dama. Kafin ya rufe baki kin miƙe: "Kobi Zurfluh, ɓangaren dama!" Na ji kamar in nutse. Baba ya tashi, don a garinmu ba a ƙin wannan aikin.

Fredi mai yankan katako, jagoran masu adawa, ya ɗaga murya: "Dorli, ke ba ɗa ba jika, meye naki a ciki?"

"Fredi, shekara talatin da huɗu ina kai wasiƙa gidanka. In faɗi naka a ciki?"

Zaure ya ɗauki dariya, Fredi ya zauna. Daga baya kika rantse mini ba ki san komai a kansa ba.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga. Ungozoma ta ɗaga, mai cuku ya ɗaga, sai hannuwa suka riƙa tashi layi bayan layi kamar yabanya bayan ruwa. Tun kafin a ƙidaya an ga mun ci. Andri yana girgiza ni, mutane suna tafi, ni kuwa mutum ɗaya nake kallo. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kika ajiye mu a kujeru biyu na ƙarshe a ɓangaren dama. Baba ya biyo layi yana nuna kowa da yatsa, yana duban fuskokin abokansa na shekara hamsin, hannuwansu a sama saboda ɗansa. Ya iso kanmu. Ya nuna Andri: "Sittin." Ya nuna ni: "Sittin da ɗaya." Ya tsaya. Dokar ba ta bukatar ƙarin ko ɗaya. Sai ya mai da fensirinsa aljihu, ya ɗaga hannunsa, ya ce da ƙarfi: "Sittin da biyu."

Ban tuna abin da ya biyo baya ba sai kukana. Da yamma Baba ya ce, "Kai da Andri ku zo cin abinci." Da na tambaye ki yadda kika san zai ɗaga, kika ce ba ki sani ba, kin dai ajiye shi inda dole ya gani da idonsa. A gidan nan da aka hana mu nake rubuta wannan.

Ranar Asabar muka raka ki. Da aka ɗauko akwatin, Baba, da sandarsa da shekarunsa tamanin, ya ɗaga hannu. Ungozoma ta bi, Fredi ya bi, coci gaba ɗaya ya bi. Na ga leɓunan Baba suna motsi, na tambaye shi me yake yi.

"Ƙidaya nake," in ji shi. "Ka san ta. Sai ta tambaya."

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarki Goggo Marlis, da 'ya'yanta, da duk gidan da kika taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sada ki da Toni da mahaifiyarku a inda ba a ɓoye wasiƙa. Hannu ɗari uku da bakwai ne, Goggo Dorli. Baba ya ce a gaya miki bai manta da nasa ba.