Burtu Biyu a Bakin Tabki

Babana maharbi ne, ni kuwa manomi na tashi, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Tun ina saurayi na ajiye baka na ɗauki hauya, don na gaji da cin nama yau, gobe a kwana da yunwa. Mutanen ƙauyenmu, can arewa da Kornaka, sun daɗe suna yi mini tsiya, wai a gidanmu ne barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nakan ce su zo su leƙa rumbuna. Wannan duk kafin Nasara su shigo ƙasar ne, lokacin da dajin Dakoro yake daji na gaske. In ka bar rijiya sai ka yini kana tafiya kafin ka ga wata, ba kowa sai makiyaya da namun dawa.

A kakar da nake ba da labarinta, yanar ido ta rufe idon babana na dama gaba ɗaya, na hagun ma ta ci rabinsa. In na tsaya taku goma daga gare shi yana gane ni, in na ƙara biyar sai na zama kututture. Ranar da na gama ɗaure gerona ya kira ni gindin aduwar ƙofar gida.

"Manomi," haka yake kirana in zai tsokane ni, "ka ƙare da hatsinka?"

"Na ƙare, Baba."

"To kai ni in ga raƙumin dawa."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Barewa da gwanki da jimina, duk hannuna ya san su, ko na makance suna nan. Raƙumin dawa ko ban taɓa harbinai ba, ban taɓa ɗora mai hannu ba. Ido kaɗai ya san shi, kuma idon ga tahiya zai yi. Damana mai zuwa ko tahin hannuna ba ni gani."

Gaskiya da farko na so in zame. Sai gwaggona, ƙanwarsa, ta leƙo ta kan danga ta ce, "Tsoho mai rabin ido da manomi cikin dawa? Kura za ku kai ma kalaci. Wannan da ko zomo bai iya kamawa!" Ni kuwa halina ke nan, in ana so in yi abu a ce ba zan iya ba. Kafin la'asar na cika salka biyu, matata ta daka mana gumba, na ɗaure wa jaki akumari.

Kwana uku muka yi muna nausawa arewa wajen kwarin Tarka, shi bisa jaki rungume da tsohuwar burgamarsa, jakar fata ta kayan harbi, ni a ƙasa ina ja. Ciyawa ta fara bushewa amma dajin cike yake. Duk abin da na hango sai na faɗa masa, shi kuma ya gyara mini. Na ce ga barewa can sun kai ashirin, ya ce in duba ko na gefe yana kaɗa wutsiya, in yana yi to sun riga sun gan mu. Na ce ga jimina da 'ya'yanta, ya tambayi launinta, na ce baƙa, ya ce, "Uban ne, jahili." Gyado ya ratsa gabanmu da wutsiya a miƙe kamar mai kai saƙon gaggawa. A wani kwazazzabo jakin ya toge ya ƙi gaba, na duba ƙasa na ga sawun da ya fi tafin hannuna faɗi. Baba ya sauka ya shafa shi da yatsu, ya ce zaki ne amma na shekaranjiya, mu wuce. Na wuce, amma wuyana ya yi ciwo don waiwaye.

Wani Bafulatani da muka tarar da shanunsa ya ba mu nono, ya kwatanta mana wani tabki mai itatuwan kandili kewaye. Ya ce raƙuman dawa bakwai suna zuwa can, amma ruwan ba zai wuce kwana biyar ba, in ya ƙafe sai wata shekara.

Da hantsi na fara ganinsu. Na ɗauka itatuwa ne, sai itatuwan suka motsa. Ban taɓa ganin abu mai tsawo haka yana tafiya ba tare da ƙara ba. Na manta da kaina na ce, "Baba, ga su can!"

"Ina?"

Na kama haɓarsa na juya fuskarsa daidai wurin. Ya buɗe idon hagun iya ƙarfinsa har ruwa ya zubo. Can ya ce, "Hwari kawai nika gani." Tsakaninmu da su ya fi taku ɗari biyu, shi kuwa goma ce iyakarsa. Na saki haɓarsa.

Shi bai ɓata lokaci ba. Ya kwance burgamar ya fito da burtu biyu, nasa da na marigayi wansa. Wanda bai sani ba, burtu baƙin tsuntsu ne babba mai yawo a ƙasa yana kiwo, namun daji ba sa tsoronsa. Maharba sukan ɗauki kansa da dogon bakin su kafa a lanƙwasasshen itace, su ɗaura a goshi da igiyar fata, su yafa baƙin zane, su yi rarrafe cikin ciyawa har su isa jikin nama. Burtu kuma bibbiyu suke yawo. Don haka ni ne a gaba, Baba a baya, tsirkiyar tsohon bakansa ɗaure a idon ƙafata, ɗaya bakin a hannunsa. Ya ce sai da la'asar za mu shiga, daga yamma, don iska ta gabas take, ta bugo mu a fuska, rana kuma ta zauna bayansa, in ba haka ba haske zai cika masa ido.

Na yi rarrafe cikin ƙarangiya har gwiwoyina suka yi jini. Ba mu ci rabin tafiya ba tsuntsun carki da ke wuyan babbansu ya yi ƙara, su bakwai ɗin suka juyo suka dube mu, suka tafi abinsu ba ko sauri. Kashegari haka, har ma ba mu kai inda muka kai jiya ba. Ruwan tabkin kuwa ya ja baya, laka ta fara tsagewa.

Na cire burtun na yar, na ce, "Tarinka ne, Baba. Sau biyu kana tari."

"Ba tarina ba ne," in ji shi, yana cire ƙarangiya daga hannunsa da lalube. "Noma kakai. Ina jin ka cikin tsirkiya. Miƙe kaka tahiya awa mai bin jerin shuka, ja ɗaya, taku ɗaya, idonka na ƙarshen gona. Burtu ba shi da gona. Ka taɓa ganin tsuntsun da ya nuhi wuri?"

Na san gaskiya ce, kuma ba abin da ke ba ni haushi irin gaskiya daga bakin wanda nake wa wahala. Sai ya ƙara da cewa, "Bari, ɗana. Mu koma gida. Ka yi iyakarka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Wallahi ba inda za mu. Ko tabkin ga ya ƙahe sai mun bi su, ko da goyo ne."

Da gari ya waye na bar shi a inuwa da salka, na je na nemi burtu na gaske. Na sami biyu a wani faƙo, na kwanta na zuba musu ido har rana ta take tsaka. Shashashun tsuntsaye ne. Taku uku, cako, tsayawa, komawa baya, a bi fara gefe, a tsaya ana kallon sama kamar an manta abin da ya kawo mutum. Amma da na ɗaga kai sai na ga sun ƙetare faƙon duka. Na koma na gaya wa Baba. Ya miƙo mini wata 'yar jaka ya ce, "To kama hwara, da gaske, ka cika wagga. Mance da raƙumi, ni zan tuna ma da shi."

Tun azahar muka shiga ciyawa. Na bi fara dama, na bi ta hagu, na sunkuyar da kai bakin burtun ya caki ƙasa, na koma baya don wata ƙatuwa da ta kubce mini. Tun ina yi da gangan har zuciyar manomi ta motsa, na tuna ɓarnar da suke mini a gona, na shiga kamunsu da mugunta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai na ji an ja tsirkiya sau biyu. Baba ya riga ni sani, hancinsa ya gaya masa. Na ɗaga ido a hankali, ga ƙafa tsaye gabana, taku takwas, doguwa kamar azara.

Mace ce, tana tsaye bakin ɗan ruwan da ya rage. Baba ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya yi raɗa, "Ƙahwahu nika gani, da ciki mai zane. Wuyan ya ɓace sama."

"Jira, Baba. Ƙishi gare ta."

Muka jira. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta matsa, ta fasa. Cinnaka ya shiga wandona ya yi abin da ya ga dama, cinyata ta ɗaure, ban motsa ba, sai dai in caki ƙasa jefi-jefi. A raina ina ta roƙon Allah, ban roƙi komai ba sai wannan kai ya sauko. Can sai ta ware ƙafafunta na gaba, ɗaya nan ɗaya can, ta rusuno, wuyan nan ya yi ta saukowa har bakinta ya taɓa ruwa. Ranar la'asar ta sauka a fuskarta sosai. Ga 'yan ƙahoni biyu masu tukun gashi, ga ido ƙato baƙi da gashin ido zara-zara, ga leɓe yana rawa cikin ruwa.

Na ji numfashin Baba ya tsaya. Ban dube shi ba, don na san in na duba zan yi abin kunya. Ya ce can ƙasa-ƙasa, "Ashe haka idonta yake." Ta sha, ta sha, sannan ta fizge kai sama, ruwa ya fantsamo mana, ta bi 'yan'uwanta cikin kandili.

Muka zauna a lakar nan. Baba ya kwance burtun daga goshinsa, ya warware rawaninsa, ya naɗe idanunsa da shi ya ƙulle tam.

Na tsorata na ce, "Mi ya hwaru, Baba? Ƙaya ta shiga?"

"A'a," in ji shi. "Na zuba abu ciki, ba ni so a zuba wani bisa. Kawo jakin."

Na kawo jakin, na ɗora shi, na kama igiya muka juya kudu.