Malamar da Ta Iya Jira

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran malamarmu ta labarin ƙasa, wadda duk makaranta ta sani da Malama Tsaya-Tukuna, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Washegari muna kan layin taron safe shugaban makaranta ya sanar da mu. Ban yi kuka a wurin ba. Sai da muka shiga aji na ga taswirar da ta fara zanawa a gefen allo, kogin ko teku bai kai ba, sannan na kifa kaina a tebur.

Malama, an yi ta yabonki tun ranar. Shugaba ya ce ba kya latti. Mataimakinsa ya ce ba a taɓa jin kanki da kowa ba. Duk gaskiya ne, amma ina tsaye ina ji raina yana ɓaci, don maigadin ƙofa ma ba ya latti. Babu wanda ya faɗi abin da kike yi da mu a cikin aji. Ni da harshena ke ɗaurewa idan mutum uku suka kalle ni, dole ce ta sa na ɗauki biro.

Ga wanda bai sani ba, bara ne makarantarmu ta sauya jadawali. Maimakon gajerun darussa takwas a rana, aka mayar da su huɗu dogaye, kowanne awa ɗaya da rabi. Yawancin malamai ba su sauya komai ba. Wani ya haɗa tsofaffin darussansa biyu ya yi ta shifta har yatsunmu su sandare. Wani ya gama nasa a rabin lokaci, ya ce mu yi nazari, ya zauna yana danna waya. Fanka na juyawa, kawuna na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa littafin soyayyata na kan cinya. An sha haɗuwa, an rabu, an shirya a ƙarƙashin teburina, malam bai juyo daga allo ba.

Ke ba haka kike ba. Kina fara bayani, sai ki tsaya tun muna son ƙari. Ki ce a juya tebura, huɗu-huɗu, ana fuskantar juna. Ranar da za ki koya mana yadda kogi ke cin gaɓarsa, baho kika shigo da shi cike da yashi, da gorar ruwa, muka tsiyaya da hannunmu muka ga lanƙwasar tana zaizayewa. Idan kika ga idanu sun fara nauyi, sai kowa ya miƙe ya sauya wuri. A ƙarshe aji ya yi tsit, kowa ya rubuta abin da ya gane da kalmominsa. Na taɓa jin kina gaya wa wata mai koyon aikin koyarwa a baranda cewa kullum da shiri biyu kike zuwa, ɗaya na ranar da muke da kuzari, ɗaya na ranar da muka dawo daga filin wasa a gajiye.

Amma abin da ya ba ki sunanki shi ne jira. Idan kika yi tambaya, ba a ɗaga hannu sai kin taka har tagar bayan aji, kin leƙa waje, kin dawo. Ƙawata Rediyo, wadda muke tebur ɗaya, ta fi kowa shan wahalar wannan doka.

"Malama, amsar nan tana ƙona mini baki," in ji ta.

"Tsaya tukuna. Wasu yanzu suke hura tasu wutar."

Ni ce wasun nan. A zamanin gajerun darussa, kafin in jera kalmomina a zuciya, in sake jera su, in roƙi hannuna ya tashi, an buga ƙararrawa. Na yi shekaru malamai ba su san muryata ba. Ranar bahon yashi, a hanyarki ta zuwa taga kika hango littafin da ke cinyata. Ba ki ƙwace ba, ba ki tona mini asiri ba. Kika sunkuyo kika ce a hankali, "Ajiye masoyan nan, 'yata, ba za a ɗaura auren babu ke ba." Kafin ki dawo daga taga na sami amsar. Na faɗe ta. Ba ki sa an tafa mini ba, kin san da na nutse a ƙasa. Alli kawai kika ɗauka kika rubuta maganata a allo yadda na faɗe ta, muka ci gaba.

Yanzu an kawo mana wani malami. Ba mugu ba ne, yana da sani, yana amsa gaisuwa. Amma tebura sun koma layi-layi, bahon yana ɗakin ajiya an zuba tsumman goge-goge a ciki. Ranar Litinin ya yi tambaya a kan iskar damina, wallahi na san amsar, ina cikin tattaro ta ya amsa wa kansa ya wuce. Bayan darasi Rediyo ta ja ni har gabansa. Da ƙyar na ce, "Malam, da za ka ɗan riƙa jira bayan tambaya."

Ya yi murmushi yana karkaɗe alli daga hannunsa. "In jira me? Manhaja ba ta jiran kowa, ga jarrabawa tafe."

Na dawo na zauna ina jin haushin bakina.

Sai ga shugaba ya sanar cewa dogon darasi bai yi amfani ba, ɗalibai barci suke yi, kuma a taron malamai na mako mai zuwa za a yanke shawarar komawa tsohon jadawali. Malama, wannan ya fi komai cin raina. Eh, ana barci. Amma ajinki ƙofarsa a buɗe take shekara guda cur, malami nawa ne ya shigo ya zauna a baya ya ga yadda ake yi? Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji, Allah Ya tsare ni. Da mutane nake, waɗanda suka bari kika tafi da abin nan ba su tambaye ki ba, yanzu kuma suna ɗora wa agogo laifi. Idan aka koma gajerun darussa, lokacin jira ya ƙare ke nan. Ni da wata yarinya mai in'ina a layin baya, da wasu da yawa, za mu koma shirunmu har mu bar makarantar.

A littattafan da nake karantawa, idan abu ya cuɗe haka, wani yakan iso a shafin ƙarshe ya gyara komai. Na duba hagu da dama, ban ga mai isowa ba. Saboda haka zan liƙa wannan rubutu a allon sanarwa da ke ƙofar ofishin shugaba. Rediyo ta ce za a cire. Na ce ai sai an karanta kafin a san na cirewa ne.

Malam shugaba, a gafarce ni idan na yi rashin kunya. Roƙonmu ɗaya ne. Kafin taronku, a ba ajinmu dogon darasi guda, malamai su zauna a baya, mu nuna muku yadda take yi, tun daga fari har ƙarshe. Mun haddace shi a jikinmu. Idan ba a sami mai tsayawa gaban allo ba, ni zan tsaya. Na riga na rubuta, ba zan goge ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da mahaifiyarki, da 'ya'yanki, musamman autarki da ta tare mu a ƙofa ranar da muka je gaisuwa, ta tambaya ko mu ne yaran da Mama ke yanka wa kwalin darasi a tsakar falo. Mu ne, ƙanwata. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya ku cikin kulawarSa.

Malama, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki Ya haskaka shi. Haƙurin da kika yi da masu nauyin baki, Allah Ya sa ki same shi a mizaninki. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.